Aron Fuskar Barira

Tun da aka daina ɗaukar 'yan wasa, gidan talabijin ke aron fuskar duk matar da ya ga dama. Bana fuskar Barira unguwarzoma aka ɗora wa muguwar da ke shaƙe jarirai a wasan kwaikwayon Juma'a.

Ranar Asabar da hantsi aka kira ta karɓar haihuwa. Surukar gidan ta tare ƙofa.

"Ba za ki taɓa mana ɗa ba. Mun gan ki jiya."

"Inna, ni na karɓi jikokinki duka!"

"Da ke nan. Fita!"

Barira tana jin nishin mai naƙuda ta juya, ta wuce gidan talabijin ranta a ɓace.

Ma'aikacin da ta kai wa ƙorafi bai ko ɗago kai ba. "Mata iri biyu gare mu, Hajiya: muguwa, ko mai haƙurin da ake duka tana kuka. Zaɓi ɗaya."

Aikinta take so, sai ta zaɓi mai haƙuri. Kafin ta fito an sauya hotonta a allunan titi.

A bakin kasuwa wani ƙato ya bangaje ta da gangan, ya tsaya yana murmushi, yana jiran hawayen.