Mayafin Mama a Kan Talabijin

Malamarmu ce ta sa mu kalli shirin dutsen da ya yi aman wuta, tokarsa ta binne garuruwan Rumawa. Muna falonmu a unguwar Tottenham, 'yan wasan shirin na ta gudu da ihu, Mama har dariya take yi. Da aka nuno wata mata ta gaske da aka tono a dunƙule, sai Mama ta cire mayafinta ta rufe talabijin ɗin.

Na ce, "Mama, homework ne fa!"

Ta ce, "Gawa ce. Ki gaya wa malamarki, mu suturta mamaci muke yi, ba kallonsa ba."

Ranar na sha kuka. Yau a gidan tarihi, in an zo wurin gawawwaki, baya nake juyawa. Mai hararata ya harara.