Mai Sauraron Wiebe

Shekara goma sha tara Wiebe Postma yana kaɗa ogan, ƙaton abin kiɗan nan mai bututu da ke cocin ƙauyensu, duk Alhamis da rana. Kujeru ne kaɗai ke sauraro. Shi dai ko a jikinsa. Ya sha faɗa a shagon kofi, ko ba a tambaye shi ba, cewa kiɗa na gaske ba ya bukatar kunnen kowa.

"Ai shi ya sa kake leƙa ƙofa sau uku kafin ka fara, Yaya," in ji ƙanwarsa Sjoukje, mai sharar cocin.

Ran nan sai ga wani dattijo da rigar ruwa da ɗan littafi. Ya zauna a kujerar ƙarshe ta jikin bango. Da Wiebe ya taka madannan manyan bututun har tagogi suka ɗauki rawa, sai dattijon ya ɗaga kai sama, ya daɗe a haka, sannan ya duƙa ya yi rubutu.

Alhamis ta zagayo, ya dawo. Ta sake zagayowa, ya sake dawowa.

Wiebe, wanda ba ruwansa da 'yan kallo, ya sayi sabuwar kwat. Ya yi aski. Ya jingine kamun kifi, ya koma gwaji safe da yamma. Ya lura baƙon ya fi rubutu in sauti ya yi kauri, sai ya riƙa zuba masa shi har ƙura na sauka daga rufi. Kafin wata guda duk ƙauye ya ji cewa wani masani daga birni yana rubutu a kan Wiebe, kuma daga bakin Wiebe aka ji.

A mako na takwas dattijon ya tare shi a gindin matakalar hawa wurin ogan.

"Ranka ya daɗe, ko za ka maimaita mini na ƙarshen nan? Da ƙarfi, iya ƙarfinka."

Wiebe ya maimaita, hawaye na bin kumatunsa. Dattijon ya rufe littafi, ya ce ya samu abin da ya zo nema, rubutun zai iso ba da jimawa ba.

Ranar Litinin rubutun ya iso. Shafi goma sha biyu, kowane shafi da sunan Wiebe. Wiebe ya miƙa wa Sjoukje, ya ce ta karanta da ƙarfi a gaban mutanen shagon kofi.

Ta gyara murya. "Injiniyan gine-gine ya tabbatar da cewa kiɗan Malam Postma ne ke ƙara buɗe tsagar da ke saman bangon coci, saboda haka a kulle ogan ɗin daga yau."