Mijin Tamar

Ban daɗe da dawowa daga makaranta a Philadelphia ba jiharmu ta ɓalle daga tarayyar Amurka. A makon ne Lucius, lauyan mahaifina, ya same ni a baranda, da shuɗin ƙyallen 'yan ɓallewa a ƙirjinsa. Tamar, baiwar gidanmu, tana tsaye tana kore mana ƙudaje da maficin gashin ɗawisu.

Ya kama hannuna. "Cordelia, ki amince ki aure ni kafin a kira mu fagen fama. Babanki ma ya ba mu Tamar gudummawa, da ita za mu tare a birnin Raleigh."

Na ce, "Mijinta fa? A nan za a bar shi?"

Ya yi dariya. "Wane miji? Don sun tsallaka tsintsiya irin na al'adar bayi, shi ke nan an ɗaura aure? Doka ba ta san auren bawa ba, 'yar boko. Can ma sai mu samo mata wani ƙaton."

Mafici ya tsaya cak. Lucius ko waiwayarta bai yi ba. Tafin hannunsa ya jiƙe da gumi. Na zare hannuna, na goge a jikin rigata.

"Nemi wata, Lucius. Ba zan iya kwana da miji ba, Tamar tana can waje tana kukan rabuwa da nata."