Sunan Ɗan Fari

Ran da aka sake buɗe gidan wayar Tungar Gawo, garin ya zama kamar ranar salla. Ginin yana nan tun zamanin da ake kawo wasiƙa a kan keke, daga baya jemagu suka gaje shi. Yanzu an share shi, an girka wani akwati mai magana. Ka sa saƙonka, ka faɗi sunan mai karɓa, kafin ka koma gida ya isa hannunsa.

Goggo Tabawa ta kutso da ƙullin daddawa, bakinta har kunne.

"Sallau, wai yau ɗin nan za a yi masa miya da ita a Legas?"

"Yau ɗin nan, Goggo!" in ji ma'aikacin. "Faɗi sunansa kawai."

Ta sunkuya wajen akwatin. "A kai wa yaron nan."

Layi ya fashe da dariya. Kowa ya san ɗan farinta ne, bakinta bai taɓa kiran sunansa ba.

"Sallau, kai ka faɗa mana."

"Ba ya karɓa sai daga bakin mai saƙo, Goggo."

Ta miƙa hannu za ta ɗauke ƙullinta. Sai akwatin ya ce cikin ladabi, "Bar shi, Goggo. Na ji kin ambace shi a addu'ar asuba."

Ƙullin ya shige, mata suka rangaɗa guɗa. Goggo Tabawa ta taya su dariya, amma har ta isa gida tana juya maganar. Ita fa a zuci ta yi addu'ar nan.