Maman Tayyiba Ta Sake Dawo da Kaya

Ƙunshin ya dawo ranar Laraba a bayan babur ɗin Dogo, mai kai mata kaya, a ɗaure tsaf kamar yadda ya tafi. Khairiyya ta tsaya a ƙofar gidansu a Gumel, ta dubi ƙunshin, ta dubi Dogo.

"Maman Tayyiba ce kuma?"

"Ita ce," in ji Dogo, yana gyara hularsa don kada a ga dariyarsa. "Ta ce a gaishe ki da kyau."

Khairiyya tana sayar da atamfa da leshi da mayafai da takalma a wata manhajar kasuwa ta waya. Duka shagon bai wuce akwati biyu a ƙarƙashin gado ba, amma da shi take taƙama, har sai da ta sa aka yi mata alkawarin ba za a hana ta sana'arta ba bayan aure. Dokar manhajar kuwa ba sani ba sabo: in aka dawo wa mai shago da kaya sau uku a wata ɗaya, rufe shagon ake yi. Wannan ne na biyu, kuma duk daga hannun mace ɗaya.

Matar ba ta da hoto a waya sai na fure, kayanta kuma a tashar Sule Tankarkar ake sauke su. Da jan mayafi ta fara. Kwana biyu sai ga shi ya dawo da saƙo: "Jan nan ya cika ihu, 'yar nan. Ke da za ki biki, wanne za ki yafa?" Khairiyya ta ce ruwan zuma, aka aika, ya zauna.

Yanzu kuma takalmi ne. "Ya yi girma. Ni lambobin nan ba gane su nake yi ba. Ke wace lamba kike sawa, in kwatanta?"

Khairiyya ta danna wajen naɗar murya ta zazzage duk abin da ke cikinta, tun daga kuɗin babur har zuwa mutanen da ba su san girman ƙafarsu ba. Ta saurara, ya yi mata daɗi ƙwarai. Sai ta tuna da shagon, ta goge, ta rubuta: "Talatin da tara, Mama. Allah Ya ba da haƙuri."

"To, aiko da irin taki."

Da yamma Abdulfatah ya zo zance daga Gagarawa, inda yake koyarwa. Bikinsu ya matso, amma ranar nan ko maganar fenti bai samu ya yi ba. Ta ba shi labarin daga farko har ƙarshe. Yana cikin shan zoɓo ya ƙware, ya yi ta tari har da ƙwalla.

"Ki yi haƙuri da ita," ya ce da ya samu numfashi. "Tsofaffi ba su san waya tana ƙirga irin wannan ba."

"Kai komai haƙuri. Haka ka ce da na tambaye ka lefe."

Lefen nan kam ta riga ta sallama shi. Wata goggonsa ce da ba ta taɓa gani ba za ta haɗa, Khairiyya kuwa ta gama shirya fuskar da za ta yi in ta tarar da atamfa mai zanen agogo da fanka.

Sati na gaba Maman Tayyiba ta sayi atamfa, shiru, ba ƙorafi. Khairiyya har ta fara sakin jiki, sai ga saƙo: "Wancan shuɗin leshin na gefen hoto fa?"

Leshin nan ita ta zaɓo wa kanta a Kano, ta ɓoye shi a ƙasan akwati, sai ta rufe ƙofa take fito da shi ta kara a jikinta. Tsautsayi ne ya sa gefensa ya shiga hoto.

"Ba na sayarwa ba ne, Mama."

"Ayya. To bari in dawo da atamfar, tunda ba ta da abokin tafiya."

Na uku ke nan in ta dawo. Khairiyya ta zauna a bakin gado da leshin a cinyarta, ta daɗe tana shafa shi. Abin ya yi mata zafi, har da 'yan hawaye. Amma leshi ana sake samu, shagon kuwa in an rufe sai dai ta koma roƙon kuɗin kati. Ta naɗe shi da kyau, ta miƙa wa Dogo ba tare da ta kalle shi ba.

Daga nan Maman Tayyiba ta yi tsit. Ba godiya, ba tauraron yabo ko ɗaya a manhajar. Khairiyya ta kasa sakewa: duk ƙarar babur a layinsu sai ta leƙa ta taga.

Ranar kawo lefe ta fake a gidan maƙwabta kamar yadda amare ke yi, sai bayan la'asar da baƙi suka watse ta lallaɓo gida. Ƙannenta suka ja ta ɗaki suna guɗa. Ta yi bisimilla, ta ɗaura fuskar nan da ta shirya, ta buɗe akwatin farko.

Mayafi ruwan zuma ne a sama. A ƙarƙashinsa takalmi, ta juya shi: talatin da tara. Ta ɗaga atamfar, sai ga shuɗin leshi da irin naɗin da ita kaɗai take yi.

Wayarta ta yi ƙara. Taurari biyar ne daga Maman Tayyiba, da rubutu a ƙasa: "Kaya sun yi kyau. Mai shagon ma mun gwada ta, ta yi wa ɗanmu daidai, ita kam ba za mu dawo da ita ba."