Mai Sito da Rahoton Wake

Tunda ka ce gobe za a damƙa maka kwamfutar kamfaninku, matso in ba ka misali, don na lura hannunka yana da saurin taɓe-taɓe.

An yi wani mai kula da sito a wani babban kamfanin hatsi. Wake suke tarawa, buhu dubbai, kuma ka san wake da ƙwari, sai an sa masa magani. Wanda aka sa wa magani ba ya fita sai ya cika kwanakinsa gubar ta sake shi, in ba haka ba tukunya ɗaya ta isa ta kwantar da gida guda. Buhunan kuwa kamarsu ɗaya. Abin da ke raba mai guba da mai lafiya shi ne wani rahoto a cikin manhajar kamfanin, mai nuna kowane jeri da ranar da aka sa masa magani. Wata safiya, motoci uku na bakin ƙofa suna jiran lodi, ya danna rahoton, allo ya ce ba a sami shafin da ke nuna shi ba. Ya sake dannawa, amsa ɗaya. Nan ya tuna jiya ya share wasu tsofaffin shafuka da ya ga kamar ba su da amfani, alhali ba wanda ya sa shi. Tsoro ya kama shi. Akwai injiniyar da ke kula da manhajar, lambarta na manne a bango gaban idonsa, amma in ya kira ta manaja zai ji, in manaja ya ji kuwa aiki ya tafi. Direbobi na ta leƙowa suna tsaki. Sai gwanin naka ya ce bari ya rufe ɓarnarsa a ɓoye, ya cire manhajar gaba ɗaya, ya sake ɗora ta sabuwa. Har sau biyu ta tambaye shi ko ya ajiye kwafin bayanai, shi kuwa ko karantawa bai tsaya yi ba. Rahoton ya buɗe tsaf, amma fari fat, babu ko jeri ɗaya a ciki. Duk da haka ya nuna wa 'yan dako jerin da yake zaton ya daɗe, aka cika mota ɗaya ta kama hanya.

Da azahar magana ta fito, domin sauran ofisoshi ma sun nemi nasu bayanan sun rasa. Injiniyar ta zo ta duba. Sannan ta ce, "Malam, ai lokacin da ka ga saƙon nan komai na ciki lafiya. Taga ce kawai ta toshe, kaya na ɗaki. Da ka kira ni, kafin shayinka ya huce na mayar maka da shafin." Yanzu kuwa sabon ɗorin ya shafe komai. Aka garƙame sito, aka sallami motoci biyu, aka bi ta ukun da waya, ashe ta riga ta sauke a kasuwa, 'yan sari sun rarraba buhunan gari-gari. Korar da yake gudu ta zo, ko zafinta bai ji ba, don abin da ke cinsa ya fi ta. Har yau bai san ko waken nan mai guba ne ko mai lafiya ba. In ya ji an ce mutanen wani gida sun ci abinci an kwashe su zuwa asibiti, sai ya riƙa bin mutane yana tambayar me suka ci. Ya hana dafa wake a gidansa, amma ba shi da ikon hana gidajen da bai sani ba.

To ka ji. Shafi ɗaya ya ɓace masa, ya bi shi a firgice har ya hallaka abin da shafin ke nunawa. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.