Ranar da Kafilin Baba Ya Rasu

Ina da shekara tara, muna zaune a unguwar Mahjar, can ƙasar waje, Umma ta dawo daga aikatau da wani littafi mai hotuna. Uwar ɗakinta, 'yar ƙasar Suwidin, ce ta ba ta, har da labarin da ke ciki. A ranar kafilin Baba, mutumin da ya tsaya masa yake zaune a ƙasar, ya rasu.

Bayan la'asar na buɗe littafin a cinyarta, hannunta na warin sabulun wanke-wanke. A wani hoto, ga mutane tsaye a bakin teku, sun kewaye wani kabari.

"Umma, su waye?"

"Gitawa, wata ƙabila ta zamanin da. Sarkinsu ne ya mutu, maƙiya kuma suna jira."

"Sai me ya faru?"

"Aka haɗiye su. Ba sarkin suke wa kuka ba, 'yata. Kansu suke wa."

Baba na zaune a bakin ƙofa yana jujjuya iƙamarsa, takardar izinin zamansa. Magadan kafilin ba su sabunta ta ba. Kafin azumi aka kama shi, aka mayar da shi Kano, can ya rasu.

Ni kuwa jiragen ruwan hoton nake ƙirgawa. Ban ɗaga kai na dube shi sosai ba, kuma abin yana cina har yau.